Burtsatse ba ta huda wutar ƙasa

Ranar da motar haƙar burtsatse ta kafa ƙarfenta a layinmu a Sabonjida, cikin Tamale, wani dattijo da nake ganin girmansa ya dubi farar ƙurar da ke tashi, ya ce: "Ku bi a hankali. Ƙarƙashinmu tekun wuta ne, wata rana za ku huda shi." Mutane da yawa haka suka ɗauka. Baba, a gafarce ni, ina da ja.

Gaskiyarka, cikin ƙasa akwai zafi. Masu haƙar zinariya a Obuasi sun sani, kowane zurfi da guminsa. Amma zafi daban, teku daban.

Ɗauki ɗan kaɗanya: ɓawo, nama, ƙwallo. Haka duniya take. Ɓawon da muke takawa kaurinsa ya kai kilomita 30 zuwa 50 a ƙarƙashin nahiyoyi. Burtsatsenmu da wuya ta wuce mita 100. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya haƙa, na Kola a Rasha, kilomita 12 ya tsaya, ko rabin ɓawon bai ci ba.

Naman da ke biye, har zurfin kilomita 2,900, dutse ne daskararre duk da zafinsa, domin nauyin da ke danne shi ya hana shi narkewa. Yana motsi, amma kamar tsiron farce. Sai can a ƙwallo ake samun narkakken ƙarfe, tsakiyarsa kuma a dunƙule.

To, daga ina aman wuta? Inda ɓawo ya tsage, ko wani ɓangarensa ya kutsa ƙarƙashin wani, ɗan dutse kan narke. Da yake ya fi na kewayensa sauƙi, sai ya yi ta hawa, iskar da ke cikinsa tana kumbura, kamar talge a tukunyar tuwo, har ya fashe a sama. Haka Dutsen Kamaru ya yi a 1999 da 2000.

Tamale kuwa tana zaune kan shimfiɗaɗɗun duwatsun kwarin Volta, a bisa tsohon ɓawo mai ƙarfi da ya daɗe da lafawa. Ikon Allah ya game ko'ina, amma Ya yi wa kowane abu sababi.

Baba, damuwarmu a nan ba wuta ba ce, ƙishirwa ce. Mata na yawo da jarkoki tun asuba. A bar masu haƙa su haƙa, Allah Ya sa su tarar da ruwa.