Leƙen Asirin Sankarar Fankiriyas Cikin Jini

Idan idon dattijo ya koma rawaya a Roni ko Gwiwa, abin da akan fara cewa shi ne shawara ta kama shi, sai a shiga jiƙe-jiƙe. Sau da yawa ciwon hanta ne ke jawo haka. Amma wani lokaci sanadin yana can bayan tumbi, inda wata gaɓa mai suna fankiriyas take kwance. Ita ce ke samar da sinadarin insulin da kuma ruwan narkar da abinci. Idan sankara ta tsiro a kanta, takan danne bututun da ruwan matsarmama ke bi, sai ido da fata su sauya launi, fitsari ya yi duhu, jiki ya rame.

Wannan sankara muguwa ce domin takan daɗe a ɓoye. Kimanin mutum 1 cikin 5 ne kawai ake samu a matakin da tiyata za ta iya cire ta. Saboda haka tambayar da ke gaban likita ita ce: shin cutar ta riga ta watsu?

Manomi ya san ƙuduji ba ya tsayawa a gona ɗaya. Iska da ruwa suna ɗauke irinsa zuwa ta maƙwabci. Haka ƙari yake sakin ƙwayoyinsa cikin jini, su je su tsiro a wata gaɓa. Wani likita a Ostireliya, Thomas Ashworth, ya fara ganinsu a 1869 cikin jinin wani mamaci. Ƙirga su kuwa aiki ne ja, domin mililita 1 na jini yana ɗauke da jajayen ƙwayoyi wajen biliyan 5, su kuwa na sankara ba su wuce 'yan ƙalilan ba.

A 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar CellSearch, wadda ke amfani da maganaɗisu wajen tsamo su daga mililita 7.5 na jini. An fara da sankarar mama, inda samun ƙwayoyi 5 ko fiye ke nuna cutar za ta yi sauri. Daga baya aka ƙara ta hanji da ta mafitsarar maza.

Fankiriyas kuwa tana da nata ƙalubale. Jinin da ya bar ta sai ya ratsa hanta tukuna, hanta kuma ta tace shi kamar rariya. Don haka jinin da aka ɗiba a hannu yakan nuna ƙwayoyi kaɗan, alhali jijiyar da ke shiga hanta tana ɗauke da fiye da haka. Duk da wannan, bincike ya nuna cewa majinyatan da aka samu ƙwayoyin a jininsu sun fi saurin dawowar cutar bayan tiyata, kwanansu kuma ya fi ƙaranci. Irin wannan sani zai iya taimaka wa likita ya zaɓi fara ba da magani kafin wuƙa.

Gwajin bai zama aikin yau da kullum ga wannan sankara ba tukuna. Abin da ke hannun mutumin Roni shi ne lokaci. Shawarar da ta zo wa babba tare da rama tana bukatar zuwa Babban Asibitin Kazaure cikin gaggawa, daga nan, in da hali, a tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano domin ɗaukar hoton ciki.