Hattara da Karsanar da Aka Haifa Tare da Namiji

'Yan'uwa fatake, kowa ya san kuɗin karsana ba na namanta ba ne, na haihuwar da ake sa rai ne. To akwai wadda za ka saya a kasuwar Gadarif ko a hanyar Gallabat da Metema, ga ƙiba ga kyan jiki, amma har ta tsufa ba za ta ɗauki ciki ba.

Ga dalili. Idan saniya ta ɗauki cikin tagwaye, mace da namiji, jijiyoyin jinin mabiyiyarsu sukan haɗe. Sai sinadaran homon na namijin, wato masu gina masa halittar maza, su bi jini su shiga jikin macen, su hana mahaifarta da ƙwanta girma. Wani masani a Amurka, Frank Lillie, ya bayyana wannan tun 1916. Cikin irin waɗannan maraƙa goma, tara juya ne. Namijin kuwa galibi lafiyarsa lau. Tagwaye mata biyu ma ba komai.

Kafin ka ce ka saya, zagaya bayanta. Gabanta ƙarami ne, da dogon gashi a ƙasansa? Hantsa ba ta fito ba, kan nono ƙanana, wuya ya yi kauri kamar na sa? Dakata. Ka tambaya ko da namiji aka haife ta, ko da yake dabbar da ta bi hannun dillalai uku wa zai faɗa maka? Gara ka kira likitan dabbobi ya sa hannu ya laluba mahaifar. Magani dai babu, komai allurar da aka yi mata. A saye ta a farashin nama, a turke, a kai wa mahauta.

Kada kuma a haɗa ta da saniyar da ta taɓa haihuwa, sannan ta koma kullum neman sa take, tana hawan 'yan'uwanta, ciki bai shiga ba. Wannan sau da yawa ƙullutun ruwa ne a ƙwanta, kuma yana jin allurar GnRH ko ta prostaglandin, gwargwadon abin da likita ya gani. Amma don Allah kada a sayo ta biyun a soka da ka. In saniya na da ciki, ɓari za ta yi.