Abinci shida da ke sa mutane bin layi a kasuwar Tekka ta Singafo

Da mutum ya fito daga tashar jirgin ƙasa ta Little India da ke Singafo, ƙamshin kayan yaji da na soyayyar albasa ne ke fara tarbarsa. Taku kaɗan ne tsakanin tashar da kasuwar Tekka, ɗaya daga cikin fitattun zaurukan sayar da abinci na ƙasar.

A hawa na sama ana sayar da tufafi. A ƙasa kuma, gefe guda mahauta ne da masu kifi da kayan miya, ɗaya gefen rumfuna ne ƙanana jere da juna, kowace da abincin da ta ƙware a kai.

Babu mai zuwa ya tambayi abin da za a kawo. Mutum zai bi layi ya saya, ya ɗauki farantinsa, ya nemi gurbi a teburin da ma'aikacin banki da direban tasi ke zaune kafaɗa da kafaɗa.

Daga bakin titi zuwa ƙarƙashin rufi

An buɗe asalin kasuwar a shekarar 1915 da sunan Kandang Kerbau, wato garken ɓauna a harshen Malay, saboda cinikin dabbobi da unguwar ta yi suna da shi. A farkon shekarun 1980 aka mayar da ita ginin da take a yanzu.

A da can, masu dafa abinci a Singafo a bakin titi suke sana'a, wasu da amalanke, wasu da kaya rataye a kafaɗa. Ƙazanta da toshe hanya suka sa suna yawan wasan ɓuya da jami'an tsafta.

Bayan samun 'yancin kai a 1965, gwamnati ta yi musu rajista a tsakanin 1968 da 1969. Daga 1971 zuwa 1986 ta gina musu zauruka masu ruwan famfo da wuta da magudana, ta ba su rumfuna a kan haya mai sauƙi.

Yau akwai irin waɗannan zauruka fiye da 110. A watan Disamban 2020 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin jerin al'adun gado na duniya.

Abin da ya bambanta Tekka shi ne yawan rumfunan Musulmi 'yan asalin kudancin Indiya, abin da ke sauƙaƙa wa baƙo mai neman halal.

1. Biryani

Shi ne sarkin kasuwar. Shinkafa ce doguwa ta basmati da ake dafawa da kirfa da kanumfari da man shanu da soyayyar albasa, a haɗa ta da naman rago ko kaza ko kifi.

Sirrin yana wajen turarawa. Ana rufe tukunya ruf a kan wuta kaɗan har romon nama ya ratsa shinkafar, ta fito warwar ba ta caɓe ba.

Ana ba da ita da miyar wake mai ɗan kauri da ake kira dalca, da yankakken kokwamba mai tsami da ke rage maiƙo. Rumfar Allauddin's na cikin waɗanda suka fi daɗewa da suna a nan, kuma da azahar layinta kan yi tsawo.

2. Roti prata da murtabak

Prata gurasa ce ta fulawa da ake kwaɓawa da mai a bar ta ta kwana. Kallon yadda ake yin ta ma abin sha'awa ne: mai tuya zai riƙa wurga ƙullun yana maka shi a kan tebur har ya yi siriri kamar mayafi, sannan ya naɗe ya ɗora a kasko.

Bayanta na fita da ƙaras-ƙaras, cikinta da laushi. Da hannu ake yagarta a tsoma a miyar kori ta kifi ko ta nama, yara kuma kan barbaɗa mata sukari.

Idan aka cusa mata niƙaƙƙen nama da ƙwai da albasa kafin a naɗe, ta zama murtabak. Guda ɗaya kan ishi mutum biyu.

3. Appam da tose

Duk wanda ya san masa zai gane appam. Ƙullun shinkafa ne da ake bari ya tashi, sai dai da madarar kwakwa ake dama shi.

Ana zuba shi a ƙaramin kasko mai zurfi a juya, sai gefen ya fito siriri, tsakiyar ta kumbura ta yi taushi. Ana ci da madarar kwakwa da jan sukari.

Tose kuwa ɗan uwan sinasir ne, amma ya fi shi faɗi da sirantaka. Da shinkafa da wani ƙaramin baƙin wake ake yin ƙullunsa, a ci da miyar ganyayyaki da markaɗen kwakwa. Duka biyun karin kumallo ne, don haka da safe aka fi samun su da zafinsu.

4. Rojak na Indiyawa

Kalmar rojak a Malay na nufin haɗe-haɗe, kuma sunan ya dace. A gaban rumfar ana jibge soye-soye iri-iri: awara, dankali, dafaffen ƙwai, ƙosan fulawa da jatan lande.

Mai saye zai zaɓi abin da ransa ke so. Sai a sake tsoma su a mai, a yayyanka, a kawo da ɗanyar albasa da koren barkono.

Miyar ce ke raba gwani da ɗan koyo. Ja ce mai kauri, da dankalin Hausa da barkono ake yin ta, zaƙi da yaji a tare. Kuɗin ya danganta da yawan abin da aka ɗiba, shi ya sa wanda idonsa ya fi cikinsa kan sha mamaki.

5. Mee goreng

Wannan faranti ɗaya ya tattara tarihin Singafo. Taliyar rawaya da kaskon suyar daga 'yan China aka samo su, sunan na Malay ne, masu suyar kuma Musulmin Indiya ne.

Ana soya taliyar a wuta mai ƙarfi da nama da ƙwai da kabeji da tumatir da barkono, ta fito jajir. Ba a Indiya aka ƙirƙiro ta ba. A wannan yanki aka haife ta, inda baƙi suka riƙa girki da abin da suka tarar a kasuwa.

6. Sup kambing

Farfesun akuya ne ko rago, wanda ake barin sa a wuta na sa'o'i har ƙashi ya saki ɓargo. Romon na da kauri da ƙamshin kayan yaji, ana watsa masa soyayyar albasa, a sha da burodi.

Bayansa sai teh tarik, shayi da madarar gwangwani da ake shiƙa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, kamar dai yadda mai shayi ke yi a Kano ko Zinder. Wanda aka sa wa citta sunansa teh halia.

Ladubban wurin

Ba kowace rumfa ce halal ba. Musulmi kusan kashi 15 cikin 100 ne na al'ummar ƙasar, kuma a Tekka akwai rumfunan 'yan China masu amfani da naman alade ko kitsensa.

Hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, MUIS, ita ke ba da takardar shaidar halal, wadda ake liƙawa a gaban rumfa. Wasu kuma kan rubuta cewa rumfar ta Musulmi ce.

Idan aka ga ƙunshin tishu a kan tebur babu kowa, ba mantuwa aka yi ba, wani ne ya kama wuri.

Tun watan Satumban 2021 doka ta wajabta wa kowa ya kwashe farantinsa bayan ya gama. Karon farko gargaɗi ne a rubuce, na biyu tarar dala 300 ta Singafo. Wuraren ajiye farantin halal daban suke.

Wa zai gaji kaskon?

Akasarin waɗannan abinci ba sa kai dala 10 ta Singafo, a birnin da ke cikin mafi tsadar rayuwa a duniya. Wannan arahar ce ke riƙe talaka, kuma ita ce ke wahalar da mai dafawa.

Lokacin da aka kai batun gaban UNESCO, matsakaicin shekarun masu rumfunan ya kai kimanin 60. Da yawansu kan fara aiki tun kafin asuba, su wuni a tsaye gaban wuta a ɗaki mai ƙunci.

'Ya'yansu da suka yi karatu sun fi son aikin ofis. Kuɗin gas da mai da nama na hawa, amma ƙarin 'yan kwabbai a kan faranti kan jawo ƙorafin masu saye. Ga shi kuma 'yan ƙasa da masu izinin zama na dindindin kaɗai ke iya riƙe rumfa.

Hukumar kula da muhalli, wadda ke lura da zaurukan, ta ɓullo da shirye-shiryen haɗa matasa da tsofaffin masu sana'ar su koya, tare da rage wa sababbin shiga kuɗin haya na wani lokaci. A 2011 gwamnati ta sanar da komawa gina sababbin zauruka bayan shekara 25 da tsayawa.

Sai dai gini ba ya girki. Yawancin waɗannan girke-girke ba a rubuce suke ba, a hannu da harshen masu yin su suke. Duk rumfar da ta rufe babu magaji, ɗanɗanonta na tafiya tare da mai ita.