Na'urar Da Ke Jin Motsin Ƙwayar Cuta Guda Ɗaya

Hausawa na cewa hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B faɗinta nanomita 42 ne kacal, wato mita ɗaya a raba shi gida biliyan, a ɗauki 42. Ta ƙanjamau kuwa kimanin 120 ce. Ga ƙanƙanta, ga kisa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau, ya kai mai karatu, shi ne yawancin gwajin gaggawa da muka saba da shi ba ƙwayar ƙanjamau yake nema ba, sai dai garkuwar da jiki ya haɗa domin yaƙarta, wadda kan ɗauki har kwana 90 kafin ta bayyana. A wannan tsakani mutum na iya ba da jini, a gwada a ce lafiya lau, a ƙara wa mai haihuwa.

A shekarar 2004, Charles Lieber da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard a Amurka suka ƙera wata siririyar waya ta silikon, suka shafe ta da garkuwar da ke cafke ƙwayar mura. Da zarar ƙwaya ɗaya tak ta manne, sai ƙarfin lantarkin da ke bin wayar ya canza, in ta saki kuma ya koma yadda yake.

To, amma fa jini ba ruwan ɗakin gwaji ba ne. Gishirin da ke cikinsa yakan lulluɓe cajin ƙwayar, ta yadda wayar ba ta jin abin da ya yi mata nisan da ya wuce kimanin nanomita ɗaya. A 2009 masana a Jami'ar Yale suka ɓullo da dabarar tace jinin tukuna, suka auna alamomin ciwon daji da ita. Har yanzu dai irin wannan waya ba ta zama kayan aikin yau da kullum a asibitoci ba.

Duk da haka, 'yan'uwanta sun iso gare mu. Jan layin da ke fitowa a gwajin zazzaɓin cizon sauro galibi ƙurar zinare ce 'yar mitsitsiya. Haka kuma a 2018, a asibitin Irrua da ke Jihar Edo, an karanta tsarin halittar ƙwayar zazzaɓin Lassa da na'urar MinION, wadda ba ta kai girman wayar hannu ba.

A ganina, bai kamata mu naɗe hannu muna jiran a gama a sayar mana ba. Cututtukan da suka addabe mu ba su ne ke gaban masu kuɗin bincike na Turai ba. Wajibi ne gwamnati ta tallafa wa jami'o'inmu su shiga a dama da su, ta kuma wadata wuraren ajiyar jini da gwajin da ke neman ƙwayar ita kanta. Allah Ya ba mu lafiya, amin.