Kafin a haƙa tushe, a nemi mai ƙiyasi

Duk wanda ya bi hanya daga Takieta zuwa Damagaram, ko ya karkata kudu wajen Matamai, zai ga gine-ginen da suka tsaya a daidai taga. Bulo ya yi baƙi, ƙarfe ya yi tsatsa, awaki sun mai da ɗaki makwanci. In ka tambaya sai a ce kuɗi ne suka ƙare. To, da ma nawa aka ce ginin zai ci? Nan za a yi shiru, don ba wanda ya zauna ya lissafa. Abin da ya fi isata shi ne maganar da ake ta yaɗawa a majalisa, wai biyan mai ƙiyasin gini ɓarnar kuɗi ce, magini ma ya isa, ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Mai ƙiyasi, wanda ake ce wa métreur da Faransanci, shi ne ke ɗaukar zanen gida ya fitar da yawan siminti, yashi, tsakuwa, ƙarfe, kwano da ladan ma'aikata, kowanne da farashinsa, a takarda.

Mu dawo kan batun ido. Magini gwani ne wajen ɗora bulo, ba wanda ya musa. Amma ranar da ya tsaya a filinka ya ce “Alhaji, jaka ɗari takwas ta isa,” aiki yake nema. Ya san in ya faɗi gaskiyar kuɗin za ka tsorata ka kira wani. Sai ya faɗi kaɗan, a fara, in an kai tsakiya ya ce kaya sun tashi. Wani ma ba da mugunta ba, shi kansa bai sani ba.

Ga ɗaki ɗaya, mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, tsayi mita 3. Kewayen bango mita 16 ne, in an ninka da 3 ya zama murabba'in mita 48. A cire ƙofa da taga, saura kamar 45. Bulo mai santimita 40 da 20 yana shiga 12 da rabi a kowane murabba'i, wato kusan bulo 560 ke nan, ba a taɓa tushe ba, ba a yi zancen shafe ba. Kankaren ginshiƙi da na ɗaurin bango kuwa, ƙa'ida ita ce kilo 350 na siminti a mita kubik ɗaya, buhu 7 ke nan na kilo 50. Wane ido ne zai hango wannan daga tsaye? Kuma in kuɗi suka fara gazawa, nan ne ake sata. Buhu 7 ya koma 5, ƙarfe mai lamba 10 ya koma 8, buhun da ya kamata ya ba da bulo wajen 30 a matse shi ya ba da 50. Mai gida yana murna an yi masa sauƙi, damina biyu bango ya tsage. Wallahi wannan ganganci ne da ran iyali.

Wasu kuma su ce mai ƙiyasi yana kumbura kuɗi. A cikinsu akwai maciya amana, kamar kowace sana'a. Sai dai shi ƙaryarsa a rubuce take. Ka ɗauki takardar ka shiga kasuwa ka tambayi farashi layi-layi, ka gani da idonka. Maganar baki fa, wa zai kama ta? Ko aji ɗaya gwamnati za ta gina a Tirmini ko Dakusa, ba a ba ɗan kwangila aiki sai da takardar ƙiyasi. A Nijeriya masu wannan sana'a suna da ƙungiyarsu tun 1969, kuma ana karantar da ita a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Kai da ka tara kuɗinka da guminka a ci-rani, a Libiya ko Aljeriya ko Kano, kai ne za ka zuba su babu lissafi?

Gaskiya ne rashin lafiya, rigimar gado da fari su ma suna tsayar da gini, amma rashin lissafi kam kana iya kauce masa.

Ga abin yi. Kada ka sayi buhu ko ɗaya sai an zana gidan, ko da ɗaki biyu ne da zaure. Ka ce a raba maka ƙiyasin mataki-mataki: tushe daban, bango daban, rufi daban, shafe da ƙofofi daban. In kuɗinka tushe kawai za su iya, ka yi shi ka tsaya a inda ruwa ba zai ɓata ba. Ka tabbata kuɗin kaya da ladan hannu ba a cakuɗa su ba. Ka duba ko an sa kuɗin ɗauko kaya daga Damagaram, da na amalanke, da na ruwa, don a ƙasar nan ruwan gini saye ake yi, kuma shi aka fi mantawa. A ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na abin da ba a zata ba.

Takardar ta ɗauki kwanan wata. Kowa ya ga yadda kaya suka hau bayan rufe iyaka a 2023, kuma a watan Oktoba na 2024, bayan ambaliya, gwamnati ta rage farashin siminti. Ƙiyasin bara ba na bana ba ne, yawan kaya ne kawai ba ya canzawa, don haka a sake duba farashi kafin kowane mataki. Kada mai ƙiyasi ya zama shi ne mai sayo kaya, kada kuma ya zama yaron ɗan kwangila. Ku daidaita ladansa tun farko, a gaban shaida. In kana waje kana turo kuɗi, ka aika wa ɗan'uwanka kwafin takardar, kada ka tura kuɗin bango sai ka ga hoton tushe da rasiɗin simintin da ya shiga ciki.