2.4 Ma'anar Kalmar Asaikilik da Fassararta a Hausa

Kalmar asaikilik tana ɗaya daga cikin keɓaɓɓun kalmomin kimiyyar sinadarai. Asalinta daga Girkanci ne, inda ɗafin "a" yake kore samuwar abu, "kuklos" kuwa yake nufin da'ira. Ke nan, ma'anarta ita ce abin da bai yi zobe ba. Masana suna amfani da ita ga sinadaran da ƙwayoyin kabon ɗinsu suka jeru kamar sarƙa, ba tare da farkon jerin ya haɗu da ƙarshensa ba.

Za a fi fahimtar wannan idan aka dubi carbi. Muddin bakunan zarensa biyu suna ɗaure, ya zama zobe. Idan aka kwance ƙullin aka shimfiɗa shi, ya koma sigar asaikilik. Misalin mai zobe shi ne benzin, wanda Kekule, masanin ƙasar Jamus, ya bayyana sigarsa a shekarar 1865.

Akwai misalan marasa zobe a rayuwar yau da kullum a birnin Sakkwato. Gas ɗin girki ya ƙunshi furofen mai kabon 3 da buten mai kabon 4. Haka kuma, man shanun da Fulani ke kawowa kasuwa yana ɗauke da asid ɗin butirik, shi ma mai kabon 4. Dukkansu buɗaɗɗiyar sarƙa ce.

Bambancin sigogin biyu yana shafar halayen sinadari. Heksen da saikuloheksen duk kabon 6 gare su. Na farko yana da haidirojin 14, yana tafasa a kusan digiri 69 a ma'aunin Selsiyos. Na biyu kuwa, da yake sarƙarsa ta rufe, haidirojin 12 gare shi, yana tafasa a kusan digiri 81.

A nan ne ya kamata mai fassara ya yi hattara. Idan aka fassara kalmar da "miƙaƙƙe", ɗalibi zai ɗauka duk sinadarin da ya yi reshe ya fita daga wannan rukuni, alhali aisobuten yana da reshe amma ba shi da zobe, don haka asaikilik ne. Saboda wannan dalili, an zaɓi a yi amfani da "maras zobe" a sauran babukan wannan kundi.