Daga Aji Zuwa Ɗakin Sana'a: Hanyar Da Demas Nwoko Ya Bi

Tambayar da takan dami ɗalibin zane-zane idan ya kusa karɓar takardar shaida ita ce, ina zai nufa da ita? Makaranta takan koya masa riƙon alƙalami da haɗa launi, amma ba kasafai take nuna masa inda zai sami mai saye ba. Wannan maƙala za ta dubi hanyar da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗaliban Zariya ya bi har ya ci gashin kansa.

Demas Nwoko ya yi karatun zane a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya da ke Zariya daga 1957 zuwa 1961, watau kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yana cikin ɗaliban da suka kafa Ƙungiyar Zane-zane ta Zariya a 1958, tare da su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Manufarsu ita ce a ɗauki abin da ke da amfani a koyarwar Turawa a gwama shi da fasahar gida.

Abin lura na farko shi ne, Nwoko bai fita daga aji ya buɗe wurin sana'a washegari ba. Bayan ya ƙaro ilmin tsara dandalin wasan kwaikwayo a Faransa, sai ya kama aikin koyarwa a Jami'ar Ibadan a 1963, bai kuwa ajiye shi ba sai a 1978. A tsakiyar waɗannan shekaru ne, a 1967, ya fara gina wurin aikinsa a Ibadan, wanda ya raɗa wa suna New Culture Studios, yana yi a hankali gwargwadon ƙarfin aljihu. Wasu ɗalibai kan ɗauki aikin albashi tamkar kasawa ce ga mai fasaha. A ganina kuskure ne, domin albashin shi ya ba shi damar yin irin aikin da ransa ke so ba tare da jiran wani attajiri ba.

Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, shi ne kayan aiki. Maimakon dogara ga kayan da ake shigowa da su daga waje, Nwoko ya yi tubalinsa da jar ƙasar wurin, ya ɗan gauraya ta da siminti. Ya kuma tsara ginin yadda iska da haske za su riƙa shiga da kansu. Wanda ya san ɗakin soro a ƙasar Hausa ba zai yi mamakin wannan dabara ba. Ta haka ya rage kashe kuɗi, ginin kuma ya zamar masa talla, gama duk wanda ya gani ya san hannun mai shi. A 1970 limaman ɗariƙar Dominikan suka ba shi aikin tsara musu majami'a a Ibadan, alhali kuwa ba karatun tsara gine-gine ya yi ba.

Abokinsa Onobrakpeya ma kusan haka ya yi. Ya koyar a makarantar St. Gregory da ke Ikko daga 1963 zuwa 1980, yana aikin kansa a gefe. Shi ya fi karkata ga hoton ɗab'i, inda faranti guda kan fitar da hotuna da dama, saboda haka aikin wuni ɗaya ake sayar wa mutane da yawa.

Sai dai hanyar tana da tsawo. Gine-ginen Nwoko ba su da yawa, kuma sai a 2023, yana da shekara fiye da 85, aka ba shi lambar Zakin Zinariya a bikin baje kolin tsarin gine-gine na birnin Venis a Italiya.